Jan Zare a Ƙofar Sabon Gidan Tarihi

Shekara talatin da huɗu, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa yi ba face kekensa yana jingine a bayan tsohon gidan tarihi. Zai sauko a hankali, ya warware ƙafar wandon da ya naɗe don kada sarƙa ta kama, ya buɗe ƙofar sito, ya tsaya ya shaƙi iska. Da hanci yake fara aiki. In ya ji warin danshi, ya san rufi ya yi yoyo. In ya ji warin ƙasa-ƙasa, ya san gara ta yi musu sammako. Sai ya cire takalmi, ya yi sallama, ya shiga.

Iya mai shara, wadda suka yi shekara ashirin tare, kullum sai ta tsokane shi.

"Baba, wai wa kake wa sallama? Tukwane?"

"Masu su dai, Iya. Ai ba daga sama suka faɗo ba."

A takardar aiki, masinja aka rubuta. Da masinja ya shiga, da masinja ya fita. Amma kowa a gidan Baba Mai Zare yake ce masa, saboda aljihun rigarsa ba ya rabuwa da ƙullin zare kala uku: ja, baƙi da fari.

Ga dalilin zaren. Akwai wani babban littafi a gidan, mai bangon fata, inda ake rubuta duk abin da aka kawo da sunan wanda ya yi shi: tukunya ce, masaƙa ce, garma ce, fitila ce. Da can ana manna wa kowane abu 'yar takarda mai lamba. To, danshi ya ɓamɓare wasu, gara ta lashe saura, aka kai ƙara ofis har aka gaji. Baba bai yi boko ba, iyakarsa lambobi. Sai ya nemo tasa dabarar. Ya ɗaura wa kowane abu zare, ya yi ƙulli: manyan ƙulli su ne shafin littafi, ƙanana su ne layi. Kala kuwa labari ce. Fari, ba a san mai abin ba. Baƙi, mai abin ya riga mu gidan gaskiya. Ja, mai abin yana raye, in kana da tambaya je ka tambaye shi. Ranar da labarin rasuwar wani ya iso, Baba zai je kantar da abin yake, ya kwance ja, ya ɗaura baƙi, ya yi masa addu'a. Iya ta ce ranar ba ya cin abincin rana.

Sai ga zamani ya zo tsakiyar gari. Aka kewaye filin tsohuwar tasha da kwano, manyan injina suka miƙa wuya sama. Nan zauren wasan kwaikwayo, can ɗakin karatu, gaba zauren masu zane, a tsakiya kuma sabon gidan tarihi, hawa huɗu, gilashi tun daga ƙasa har sama. Ba wanda ya ƙi ci gaba, kuma ba wanda ya kai Baba murna. In ya taso aiki sai ya bi ta can, ya sa ido a hudar kwano yana leƙe.

"Kin ga ginin kuwa?" ya ce wa matarsa. "Tukwanena za su zauna a esi. Babu yoyo, babu gara."

"Su a esi, mu a mafici," ta ce. "Allah Ya sa su tuna da mu in sun yi arziki."

Saura wata biyu a tare a sabon gida, aka kira shi ofis. Aka ce shekarunsa sun cika, kuma sabon gida sai masu takardar shaida. Aka ba shi agogon bango a kwali, aka ɗauki hoto. Da ya kai gida, matar ta juya agogon gaba da baya.

"Ikon Allah! Mutumin da bai taɓa makara ba, sai da suka ce ya daina zuwa sannan suka ba shi agogo?"

Bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya roƙa kafin ya miƙa makulli. Ya tsaya gaban teburin darakta, hannu a baya, ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah in za a kwashe kaya, kada a taɓa zaren nan. Shi ne ke riƙe da sunayen mutane."

"To Baba, mun ji," in ji darakta, idonsa na kan waya.

Ji ɗin ke nan. Ɗan kwangilar kwashe kaya ya zo da yaransa, da kwalaye da safar hannu fara sol. Suka ga tsofaffin zaruruwa sun yi ƙura a wuyan tukwane, suka ce wannan ƙazanta ba za ta shiga gidan gilashi ba. Aka ɗauko almakashi. Iya ta yar da tsintsiya ta sha gabansu.

"Ku bari! Wallahi rubutu ne kuke yankewa!"

"Iya, ke dai riƙe tsintsiyarki," in ji shugabansu yana dariya. "Yaushe zare ya zama rubutu?"

Wuni ɗaya suka gama da aikin shekara talatin da huɗu. Iya ta share zaren, ta kasa zubawa a bola, ta ƙulle a leda ta kai masa gida. Katangarmu ɗaya da shi, na ga shigarta. Ya zazzage ledar a cinyarsa, ja da baƙi da fari duk sun cakuɗe, yana ɗaga su ɗaya-ɗaya yana shafa ƙullin da yatsa. Matarsa ce ta yi faɗan a madadinsa, har maƙwabta suka ji.

Rashin sani ya fi dare duhu. Saura kwana goma sha tara a buɗe gida, sabuwar jami'ar da aka ɗauka don ta shirya kayan ta buɗe babban littafi. Shafi bayan shafi: tukunyar ruwa, ginin wance, tukunyar ruwa, ginin wance. Ta ɗaga kai ta ga tukwane sama da ɗari uku a jere, tsirara, ba lamba ba alama. Wace ce ta wa? Ta ruga wurin darakta.

"Raba musu sunayen kawai," ya ce. "Tukunya ai tukunya ce. Wa zai gane?"

Ku ji fa! Matar da ta durƙusa ta kwaɓa yumɓu, ta sha hayaƙi, ta ɗauki abin da ta fi so ta kawo don jikokinta su gani, a ɗauki sunanta a liƙa wa aikin wata, a ce wa zai gane. Allah Ya yi wa jami'ar nan albarka, ta ce hannunta ba zai rubuta ƙarya ba. Iya na goge gilashi a gefe, ta ce, "'Yata, in kina son gaskiya, na san gidanta."

Da suka isa gidan Baba suka yi sallama, matarsa ce ta fito, ta dube su sama da ƙasa.

"Masinjan kuke nema? Ai ba shi da takardar shaida. Ga dai agogonku can, ko shi za ku tambaya?"

"Haba, ke kuwa," in ji Baba daga ɗaki. Har ya sa hula. "Ba don su zan je ba. Masu tukwanen ba su yi mini laifi ba."

Abin da ya faru a hawa na biyu, mutum sama da goma suka gani. Baba ya cire takalmi a bakin zaure, ya yi sallama. Yana ta fara rufe masa ido, sai ya ce wa jami'ar, "'Yata, ke karanta suna, ni in nemo." Ta karanta. Ya bi layi yana ƙwanƙwasa cikin kowace tukunya da gaɓar yatsa, yana kasa kunne, yana shafa wuya da gindi. Can ya tsaya.

"Ga ta."

Darakta ya harɗe hannu. "Baba, ta yaya za mu san ba kame-kame kake yi ba?"

"Ranka ya daɗe, sa hannunka ciki, ƙarƙashin baki. Za ka ji shatin babban yatsa sau uku. Gwada da hannun dama."

Ya gwada, yatsa bai zauna ba.

"To gwada da hagu."

Yatsa ya faɗa daram.

"Bahaguwa ce," in ji Baba. "Ranar da ta kawo ta, da hagu ta dangwala a littafi, magatakarda ya yi ta mita har ya rubuta a gefe. Duba, 'yata."

Jami'ar ta duba gefen shafi, ta ɗago ta dubi darakta. Maganar na nan a rubuce.

Kwana goma sha shida ya yi yana zuwa a kan kekensa, ba wanda ya ce ga na mota. Ya mayar wa kusan kowace tukunya sunan mai ita, haka masaƙu da garemani. Guda tara ne suka gagare shi. Aka ce ya ƙaddara kawai, ya ce a'a, a rubuta ba a sani ba. "Gara fari da ƙarya," in ji shi. Kuma duk wadda ya gano, sai ya faki ido ya ɗaura mata sabon zare ta baya, inda baƙo ba zai gani ba. Jami'ar ta gan shi. Ba ta hana ba, ta ma ce ya koya mata ƙullin.

Ranar buɗewa, matarsa ta wanke masa farar rigarsa ta goge ta har tana ɗaukar ido. Ya isa tun kafin a jera kujeru. Sabon mai gadi, daga wani kamfani, ya tare shi.

"Katin gayyata, Baba?"

"Ɗana, ma'aikacin gidan ne ni."

"Ba ka cikin takardar nan. Kuma a janye keken nan, motocin manya na zuwa."

Jami'ar na can sama ana ta aikenta, ba ta sani ba. Baba ya janye kekensa, ya tsallaka titi, ya tsaya a inuwar wani shago. Daga can ya ji lasifika tana cewa ƙwararrunmu sun yi aiki ba dare ba rana don tantance kowane abu. Daga can ya ji tafi, lokacin da aka miƙa wa babban baƙo almakashi ya yanke ƙyalle. Almakashi ya yi aiki sau biyu a lamarin nan, kuma duka biyun Baba ya yanka. Aka yaye mayafin allon dutse da ke bakin ƙofa: sunan mai zanen gini, sunan ɗan kwangila, sunan darakta, har sunan kamfanin da ya sa lifta. An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta a tsallaken titi.

Da ya dawo, matarsa ta ce, "Yaya taro?"

"Ya yi kyau," ya ce. "Tukwanen sun samu wuri."

Wannan haƙurin naka shi ne ya fi ƙona mini rai, Baba. Kai ne ka hana sunan matattu ɓacewa, aka rasa layi ɗaya a dutse da za a sa naka. Kai ne littafin da gara ba ta ci ba. Hawa huɗu suka gina don adana tarihi, tarihin kuwa yana tsaye a rana, riƙe da keke, an ce ba ya cikin takarda. Gilashi na da kyau, esi na da daɗi, amma ba su san bahaguwa ba. Mun gode, Baba. Madadin matan da suka gina tukwanen nan, da jikokinsu da za su zo su karanta sunan kakarsu daidai, mun gode. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya haskaka idonka, Ya biya ka da abin da ya fi allon dutse.

Ku kuma masu gina manyan gidaje a tsakiyar gari, kafin ku sayi gilashi na gaba, ku duba sitonku. Kowane gida yana da irin Baba, mai ƙaramin muƙami da babban sani. Matasa 'yan'uwana, in an ba ku aiki ƙarami, ku riƙe shi yadda ya riƙe nasa, ko da ba mai kallo.

Washegarin taro, Iya ta zo shara da sassafe. Ta tsaya gaban allon dutsen nan, ta zaro wani abu daga bakin zanenta, ta sunkuya ta ɗaura a ƙafar ƙarfen da ke riƙe da shi. Mai gadi ya taso zai cire, jami'ar ta ce in ya taɓa, da ita zai yi. Har yau yana nan. In kun je, ku sunkuya kaɗan ƙasa da sunayen manya, za ku gan shi.

Zare ne ja. Mai abin yana raye. Ku je ku tambaye shi tun kafin a ɗaura baƙi.