Oga Bulus Ya Tafi Bai Haɗa Maɓalli Na Biyar Ba

Ina cikin dama wa maigidana koko da safen nan Maman Joy, maƙwabciyarmu a kasuwa, ta buga min waya wai Oga Bulus ya rasu.

Na ce wane Bulus? Ta ce Bulus nawa na sani a Sabon Tasha mai gyaran rediyo da talabijin? Jiya da yamma ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa, kafin keke napep ya kai shi asibiti rai ya yi halinsa.



Shekara da shekaru shagon ɗinkina yana manne da nasa. Dutsen gugana ya mutu, shi ne. Keken ɗinki ya ƙi tashi, shi ne. In ka yi masa godiya sai ya ce ka matsa, kana tare masa haske. Aibinsa ɗaya, kuma na sha faɗa masa ido da ido: komai sai ya ce gobe.

Waɗanda suka san gidanmu a Kamazou sun san halin da maigidana, Baban Talatu, yake ciki. Mutumin da ya yi aikin masaka, yake jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi da bakinsa gaba ɗaya. Yana ji, yana gane komai, amma ko "ruwa" ba ya iya cewa. Hannun hagu kawai ya rage masa, shi ma rawa yake, sai dai ya dunƙule shi. Yara sun kawo masa waya mai hotuna, yatsansa ya kasa samun wuri, ya yi jifa da ita. Akwai ranar da ya ɓata jikinsa a gaban surukanmu don ban gane me yake nema ba. Kwana uku bai yarda mun haɗa ido ba.

A makon da abin nan ya faru ne na ga Oga Bulus ya turo wani tsohon akwatin gem a baro, irin dogayen nan da yara suke tsayawa a gabansu a da suna dambe a cikin talabijin. A bayan wani gida a Narayi ya samo shi, kaji suna kwana a ciki. Na ce to, bola kuma ka koma?

Ya ce, "Maman Talatu, dubi maɓallan nan. Don duka aka yi su. Yaran Narayi sun doke su sun gaji ba su mutu ba, balle hannun maigida."

Ya yanke ƙasan akwatin da zarto don keken guragu ya shige. Ya cire mataccen gilashin, ya sa lasifikar wata tsohuwar rediyo da batirin babur. Maɓalli shida ne, ya haɗa huɗu, ya ɗauki muryar kansa ya zuba a ciki: ruwa, bayi, ina jin ciwo, ki zo.

Ranar farko ina kicin na ji "ki zo" daga falo. Ludayi ya faɗi daga hannuna. Shekara biyu ba wanda ya kira ni a gidan nan.

Tun daga ranar nan, maigidana bai sake jin kunya a gaban baƙi ba.

Na biyar ɗin ne muka tsaya jira. Muna da kaset ɗaya tak na bikin baftismar Talatu, inda muryar babanta ta fito. Oga Bulus ya karɓa, ya ce zai yanko wurin da ya kira sunana ya sa a maɓallin, in ji kiran da muryar mijina, ba da muryar mai gyaran rediyo ba. Wata ya wuce, wani ya bi, kullum gobe.

Ran Litinin na shiga shagonsa da fushina. Akwatin ya fara ƙarƙara, maɓallin bayi sai an doka sau uku kafin ya amsa. Na zazzage masa tas. Yana ta murmushi, yana lalube a cikin kwalin kaset.

"Na samu wurin fa," in ji shi. "Sau biyu ya ce Saratu, na biyun yana dariya. Wanne kike so?"

Na ce ko wanne, shi dai ya gama, na gaji da gobensa. Na fita ko sai anjima ban ce masa ba. Wannan abin yana cin raina, ba zan ɓoye muku ba.

Yanzu ina zan nufa? Bai rubuta komai a takarda ba, wayoyin cikin akwatin duk kala ɗaya ne, a kansa komai yake. Na taɓa kiran masu gyaran waya su duba lokacin da ya yi tafiya, suka leƙa ciki suka yi dariya suka tafi. Kaset ɗin yana cikin kwalin kaset-kaset, ba ko ɗaya mai suna, danginsa kuma za su kwashe kayan shagon su kai ƙauye. Ko na same shi, wa zai yanko min? Ranar da akwatin nan ya yi shiru, mijina ya sake zama bebe. Don Allah kada kowa ya rubuta min "zai yi kyau". Ni ban ga ta inda zai yi ba.

Ɗazu na durƙusa na faɗa wa Baban Talatu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ja kekensa zuwa gaban akwatin. Hannunsa ya yi ta yawo a kan maɓallan huɗu, ba wanda yake ɗauke da abin da yake son faɗa. Sai ya doki na biyar. Shiru. Ya sake doka, ya sake, har sai da na riƙe masa hannu.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Bulus, ka ba shi hutu a wurinka. Ka ta'azantar da matarsa da 'ya'yansa. Ka gafarta min bakina na ran Litinin. Cikin sunan Yesu, amin.

Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙo ya yi wa iyalinsa addu'a. Ku sa da maigidana, yana da magana a ransa yau, kuma ba ni da yadda zan ji ta.