Hanyar da Baba Ya Shimfiɗa Mini Har Bakin Rami

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, kuma ranar da Ɗanjuma mai kabu-kabu ke tsallako boda ya kawo mini saƙon mahaifina a gidan aurena da ke Konni. Ya saba danna hon tun daga kan kwana, ya miƙo mini jakar atamfa ko mashin bai kashe ba. Ran nan bai danna ba. Ya kashe mashin, ya jingine shi, ya durƙusa a ƙofar gida hannunsa ba komai. Hannun nan na tsaya kallo, ban dubi fuskarsa ba. Ya ce, "Yaya Hajaru, sai haƙuri. Baba ya cika bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A bayan mashin ɗin da ya saba ɗauko jakata na hau, muka nufi gida.

Duk wanda ya yi harkar albasa tsakanin Amarawa da Kalmalo ya san mahaifina, Alhaji Ummaru. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai tsananin tsari, wanda zai sa a sauke lodin mota gaba ɗaya don buhu guda ya zauna a karkace. Direbobi kan yi ƙorafi da shi, domin ba ya yarda mota ta tashi sai duk wanda aka fito da shi ya hau. An ba ni labarin ranar da wani tsohon ɗan dako mutumin Garu ya kwanta zazzaɓi a gindin bishiya, direba ya ce a bar shi ya biyo wata motar. Baba ya je ya tsaya a gaban motar da lemarsa, ya ce, "Tare munka taho, tare za mu koma." Albasa ta sha rana, amma da tsohon aka tafi.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama ya yi nauyi, harshe ma haka. Da farko zauren gidanmu ba wurin ajiye takalmi, daga baya mutane suka riƙa raguwa, ba don mugunta ba, kowa da kasuwarsa. Mutumin da ya saba da hayaniyar tasha ya koma zaman ɗaki yana sauraren tafiyar motocin wasu. Ni kuma ina can Konni, maigidana kullum yana hanyar Tawa da Agadas, Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna. Idan na kira Baba a waya sai maganar ta gajiyar da shi, ya ji haushin harshensa, ya miƙa wa na kusa. Kaɗaici ne ya same mu mu biyu, kowa a nasa gefen bodar.

Likita ya ce ya riƙa motsa yatsu. Wata rana a wurin masu kayan gwanjo na ga wata 'yar na'urar wasa ta hannu, mai murfi kamar madubin kwalliya. Mai sayarwa ya ce ɗan mutumin da ke ciki sananne ne a manyan wasannin da samari ke bugawa a gidan gem, can gudu yake yi da faɗa, wannan kuwa ɗan reshe ne da aka yi daban, na tunani. Kowane mataki ɗaki ne. Ɗan mutumin zai nemo makulli, ya tura akwati, ya kafa tsani, ya taka maɓallin da ke fito da gada ko ya ɓatar da ita, ga 'yan tsana na bin sa a baya ido rufe, sai ya kai su ƙofa.

Da na kai masa, Baba ya juya ta, ya harare ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Uwata, ni da hurhura za ki ba abin yara?" Na ce likita ne ya ce. Ya ce likitan ba shi da aikin yi. Ba a jima ba sai ga Ɗanjuma da saƙo, wai Baba ya ce abin yaran ya mutu, a aiko da igiyar cajinsa.

Wallahi tsarin ɗakunan nan bai taɓa gagarar sa ba. Cewa yake lodin mota ne, ka san buhun da zai fara shiga. Abin da ya gagare shi tsalle ne, domin tsalle na son yatsu biyu masu sauri, shi kuwa hannu ɗaya ke gare shi. Zai shirya komai, ya zo bakin rami, ya faɗa, ɗakin ya koma farko. Sai ya gano cewa idan aka rufe murfin, wasan na tsayawa cak a inda yake, wata 'yar fitila na ƙiftawa a gefe, muddin caji bai ƙare ba. Daga nan muka raba aiki. Ya ce, "Ni in yi hanya, ke ki yi tsalle." Ya shirya ɗaki, ya kawo su bakin rami, ya rufe, ya sa a jaka da caja da 'yar albasa. Ni in buɗe, in tsallaka, in shiga sabon ɗaki, in rufe, in mayar masa.

Wasan yana barin mutum ya wuce ko da wasu 'yan tsanan sun faɗi. Baba bai taɓa yarda ba. Ɗaya ta ɓace, zai sake ɗakin daga farko, ko da ya kwashe mako a kai. Na taɓa ce masa, "Baba, hoto ne fa." Ya ce, "Na sani. Amma ni nar ɗauko su." Ni kuwa duk ranar da na buɗe murfin, sai in zauna ina duban inda ya ajiye tsani da inda ya tura akwati, in ga tunaninsa sarai, wanda harshensa ya kasa kawo mini ta waya. Hirar da ta rage mana ke nan.

Babban wanmu, Yaya Malam, mai koyarwa a Islamiyyar unguwa, bai so abin ba. Gani yake bai dace da dattijo ba. Baba na jin takunsa sai ya tura na'urar ƙarƙashin buzu ya ɗauki carbi, alhali duk gidan an san ana kiran salla yake rufe murfin, ko a tsakiyar me yake.

Bayan an kai shi makwanci, Yaya Malam ya yi abin da ake yi a gidanmu tun kakanni. Ya kulle ɗakin mamaci ya sa makulli a aljihu, ba mai taɓa komai sai ranar rabon gado. A hanya kuwa Ɗanjuma ya riga ya gaya mini cewa ranar Asabar Baba ya ce masa, "Na gama nawa, gobe ka kai mata." Wato ɗakin ƙarshe da ya shirya mini yana ciki a rufe. Na leƙa ta tsagar taga, na hango jakar a kan buzu, bakinta a buɗe, fitilar na ƙiftawa koriya. Ina zaune cikin mata ana karɓar gaisuwa, ana Allah ya jiƙansa, hankalina na kan taga. Da wane baki zan tambayi abin wasa a gidan makoki? Na haƙura har ranar sadakar uku. Da hantsi na sake leƙawa, fitilar ta koma ja.

Na sami Yaya Malam a zaure bayan mutane sun ragu, na durƙusa. Na ce, "Yaya, don Allah a buɗe mini ɗakin Baba."

Ya ce, "Mi za ki ɗauka? Kin san ba a hidda komi kahin a raba."

Na ce, "Ba ɗauka zan yi ba. Caji kawai zan sa wa abin wasansa. In ya mutu, abin da ya bar mini ciki ya tafi."

Na jira faɗa. Sai na ga ya ɗago a firgice. Ya ce, "Tahiya yaka yi? Ni na zaci kamar littahi na, inda anka ninke nan yaka tsayawa." Sannan ya ce, "Ran Asabar da la'asar hannun hagun ma rawa yaka yi. Ni nar riƙe mai shi. Guda ta ɓace muna, yas sa munka sake tun daga hwarko." Ban taɓa ganin hawayen yayana ba sai ran nan.

Ya kira shaidu, ya buɗe ɗakin, ya ɗauko jakar da kansa. Babu wuta a unguwa, don haka ya rungume ta ya nufi Islamiyya inda suke da sola, da sauri irin wanda ban san shi da shi ba. Ina bin sa a baya. Aka jona, fitilar na nan da ranta.

Na buɗe murfin. Ga 'yan tsanan a jere a bakin rami, ba wadda ta ɓace. Ya turo akwati har gaɓa don ya rage mini faɗin tsallen, abin da bai taɓa yi ba. Na san idan na faɗa ɗakin zai koma farko, aikin hannunsa na ƙarshe ya goge. Yaya Malam ya ce, "Yi bisimilla." Na yi, na danna, ɗan mutumin ya dira a ɗaya gefen, gada ta fito, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya har ƙofa.

Sai sabon ɗaki ya buɗe, da makullinsa da tsaninsa, ba a taɓa komai ba. Layin Baba ne. Na rufe murfin.

Ranar rabo 'yan uwa suka bar mini na'urar. Tana nan Konni a kan akwatina, ban sake buɗewa ba, ban kuma bar cajinta ya ƙare ba. Ran Lahadin da ta wuce Ɗanjuma ya manta, ya danna hon a kan kwana, na miƙe har na kai ƙofa.

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ya yalwata kabarinsa, ya haskaka shi, ya haɗa shi da mahaifiyarmu a gidan rahama. Allah ya ba Yaya Malam ƙarfin riƙe gidan da aka bar masa, ya ba mu haƙurin wannan rashi. Ya Allah, kamar yadda bawan nan naka bai taɓa yarda a tafi a bar wani a hanya ba, kada ka bar shi shi kaɗai. Ranar da tamu ta zo, ka tsallakar da mu zuwa gare shi gaba ɗayanmu, kada ko ɗaya ya ɓace. Amin.