Hakin Wuyan Bakwainina

Har gobe ban yafe wa gwaggota ba. Ta yi shekaru a ƙasa, amma in aka ambace ta sai na ji raina ya ɓaci.

Zamanin Nasara ne, muna zaune a Maraɗi, na haifi ɗiyata ta fari a wata bakwai. Bakwaini ce, ƙafarta kamar ɗan yatsana, ko kukan kirki ba ta iyawa. Aka turo gwaggo daga Tsibiri ta yi mini wankan jego. Ta leƙa ƙwaryar da muka shimfiɗa wa kaɗa, wato auduga, muka kwantar da jinjirar, ta taɓe baki, ta ce, "Wannan ba mazauniya ba ce."

Maigidana ne ya tsaya. Ya saki gonar tabarsa ta Jiratawa ya zauna gida. In ya ji jikin jinjirar ya yi sanyi sai ya sa ta cikin taguwarsa, a ƙirji, ya ɗaure da rawani. Ni in tatsa nono a ludayi, shi ya ɗiga mata da ɗan yatsa. Gwaggo kuwa sai habaici safe da yamma. Wai namiji da goyo, na ɗiyar fari kuma, ko kunyar surukai babu!

Kwana uku da haihuwa ta kirawo wanzami ya cire hakin wuya, wai shi ke hana ta tsotso. Maigidana ya tare ƙofar ɗaki.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Jinin jikinta nawa ne? A bari ta yi ƙwari."

"To, sannu lokotoro, babban likita," in ji ta. "Kai ka haife mu ashe."

Wanzami ya naɗe zabirarsa ya tafi.

Bayan suna jinjirar ta fara kama nono da kanta. Sai ga gardin kumandan, dogarin Nasaran da ke mulkin gari, yana kwasar maza aikin hanya, na kwana biyu, har da maigidana. Maigidana ya ɗora mini ita a ƙirji, ya ce kada in ba kowa. Wallahi bai bar gari ba tsohuwar nan ta aika a kira wanzami. Ta tsaya a kaina tana masifa, wai ni ma na zubar da kunya, ina rungumar ɗiyar fari a gaban manya. Na miƙa ta. Wanzami ya yanke hakin wuyan. Jinin bai tsaya ba, kafin la'asar jinjirar ta cika.

Da maigidana ya dawo aka tare shi a zaure aka faɗa masa. Ya shigo bai ko kalli gwaggo ba. Ni ya duba, ya ce, "Wa ya miƙa ta?"

Gwaggo na tsakar gida tana hura wutar ruwan wanka. Ta ji sarai. Ta ci gaba da hura wutarta, ta bar ni na amsa.