Tambayar Motar da Ta Mutu a Hanya

Shekarun da kuɗin yuraniyom ya faɗi, ina koyarwa a wata lakwal a Arlit, albashi kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Shi ya sa da wani kamfanin jigila ya nemi mai taya shi gyaran jarrabawar ɗaukar direbobi, ban tsaya jan aji ba.

Wata mata suka kawo daga Yamai ta shugabanci aikin. Ni a sanina, gyaran jarrabawa shi ne ka ƙirga daidai, ka ƙirga kuskure, ka tashi. Ta ce a'a, ita ma tambaya sai an gwada ta. Kowace da nauyinta: wadda kowa ya ci ba ta gaya maka komai ba, haka wadda ta kayar da kowa. Wata ma da ka-cici-ka-cici ake cin ta. Tambayar kirki rariya ce, gwani ya fi samun ta, ɗan koyo ya fi faɗuwa. Na ji haushi da farko, don aikin ya ninka, amma abin ya shiga raina.

Cikin masu nema har da maƙwabcina, dattijo mutumin Abzin da nake kira Kawu, shi kuma yana ce mini Mushe, wato malam. Fari ya cinye raƙumansa, ya koma tuƙin kamyo, wato babbar mota, sannan aka sallame shi a ma'adinan Akokan da aka rage ma'aikata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, na san ranakun da ba a ɗora tukunya a gidansa. Da baki aka yi masa jarrabawar, don bai yi boko ba.

Da muka jera sakamako, sai tambaya ɗaya ta fito a karkace. Cewa take: ka ga mota ta mutu a daji, mutane suna ɗaga maka hannu, me za ka yi? Amsar kamfani ita ce ka wuce, ka ba da labari a gari na gaba, don lokacin tawaye ne, ana tare hanya da irin wannan dabara. Yaran da ba su san ko duba mai ba duk sun ci ta. Tsofaffin direbobi, waɗanda suka cinye tambayoyi masu wuya, kusan duk sun ce za su tsaya. A ƙasarmu ba a wuce mutum a hamada ba a tambaye shi ruwa ba.

Matar ta ce wannan tambaya ba tuƙi take aunawa ba, a cire ta. Da aka cire, Kawu ya haura cikin waɗanda aka ɗauka. Ranar har rawa na kusa takawa, ni da ban iya ba.

Sai dai an cire ta daga takarda ne kawai. Ranar ba da makulli aka gaya musu duk wanda ya tsaya a hanya ya bar aiki. Kawu ya karɓi makulli. Hayaƙi ya dawo gidansa, matarsa har tuwo ta riƙa aiko mana.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar ya shigo wurina, ya zauna bakin tabarma. Na miƙa masa shayi, bai karɓa ba. Ya ce a hanyar Tawa ya ga wata ƙaramar mota, da mace da goyo, da namiji yana ɗaga bidon ruwa wayam. Ya rage gudu, sannan ya taka.

Na ce, "Kawu, wataƙila tarko ne."

Ya ce da Hausarsa ta mutanen Abzin, "Wataƙila, Mushe. Na faɗi ga jandarma a gaba. Ban san ko jandarman sun tafi wurin ba."

Tausayinsa ya kama ni. Ya gyara rawaninsa har ya rufe baki, ya miƙe.

"Tambaya nan da kuka cire," in ji shi, "yau na ci shi."