Ƙafar Hagun Baba Maina

"Wa ya tare ƙofa kuma?" in ji wani daga cikin masallaci.

"Baba Maina ne, yana lallashin gwiwarsa."

Tun farkon zuwan Nasara, Maina yake jan jigo a bakin kogin Komadugu yana shayar da tattasai, shekara arba'in ke nan, har gwiwar hagu ta ƙage. Ga dokin ƙofar masallacin da tsayi. Liman ya ce masa ya riƙa fita da ƙafar dama, babu laifi. Maina ya yi dariya. Da hagu ya saba fita yana "Allahumma inni as'aluka min fadlika," kuma falalar da yake roƙo ba ta taɓa yankewa ba.

Yau ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Ya dubi maƙwabcinsa.

"Abbakar, ara min kafaɗarka in tsallaka."