Alkamar Baba da roƙon ruwa

Har yau in na ji warin hatsin da ya jiƙe ya ruɓe, sai in tuna da alkamar mahaifina.

A Zongon Kumasi aka haifi Baba, kuma goro ya sayar duk rayuwarsa, bai taɓa riƙe fartanya ba. Da ya tsufa sai ya je ganin garin kakanninsa a arewacin Najeriya, ya dawo da irin alkama cikin ɗan buhu, ya ce lallai sai ya shuka. Aka ba shi aron fili a bakin wani rafi can bayan unguwar Oforikrom. Ni ne mai kai shi a babur, in rufe shagona na takalma a kasuwar Race Course ina ƙunƙuni. Rafin nan kuwa duk ƙazantar unguwa cikinsa take ƙarewa, leda da hanjin kaji da abin da ba ya faɗuwa. Da shi muke ban-ruwa, ina toshe hanci, Baba yana ta hamdala.

Abokan hirarsa na ƙofar masallaci suka mai da shi abin dariya. "Alhaji, alkama a ƙasar Asante? Ba zai yi ba kraa, ko kaɗan!"

Sai ga shi ta yi. Amma Baba ya makara wajen shuka, ba ta fid da kai ba sai da bishiyoyin bakin titi suka cika da furanni ja da rawaya, alamar damina ta ƙarato. Ya ce mini alkama in ta fara nuna ba ta son ruwa ko ɗigo, rana take so, ta mako biyu kacal. Shekarar kuwa ruwa ya ƙi sauka. Masarar da mutane suka shuka ta ƙone, rijiyoyin Zongo suka kafe, mata suna wuni a layi da jarkoki. Liman ya yi shelar a fito roƙon ruwa.

Na ce, "Baba, mu yi zamanmu a gida mana. Wa zai lura?"

Ya dube ni kamar na shigo masa ɗaki da kashi a takalmi. "Gonata guda ɗaya ce. Rijiyoyin mutane nawa ne? Tashi ka ɗauko babur."

A filin salla ya juya rigarsa ciki waje kamar kowa. Masu yi masa dariya suna sahun gabanmu, wasu sai ɗaukar hoto suke da waya, mutanen da ko barkono ba su taɓa shukawa a tukunya ba. Ɗaya ya waiwayo yana murmushi, ya ce, "Alhaji, ka ɗaga hannu sosai fa." Wallahi na ji kamar in tofa masa yawu. Liman ya fara addu'a, amin ɗin Baba ya fi na kowa ƙarfi. Ni ma na ɗaga hannu, na motsa leɓe, amma ban ce komai ba. A zuciyata cewa nake, ya Allah, mako biyu kawai.

Bayan kwana uku ruwa ya kece, ya yi kwana huɗu yana zuba. Alkama ta kwanta, rafi ya cika ya amayo ƙazantarsa a kanta. Da muka je, ƙwayar ta yi baƙi, wata ta tsiro tun tana kan kara, ga wari kamar na kwata. Mutanen nan suka zo mana jaje har gida, bakinsu yana cewa sai haƙuri, idonsu yana dariya. Na tsane su ranar.

Abin da muka tsinto bai cika mudu ba. Inna ta wanke, ta shanya, ta kai niƙa, ta yi mana funkaso. Loma ɗaya na yi na ji ɗanɗanon ruɓa har maƙogwaro, na fita na tofar a bayan gida. Da na dawo Baba ya cinye nasa tas. Ya jawo kwanona gabansa, bai ko kalle ni ba.

"Kawo nan," ya ce. "Kai da ba ka ce amin ba, ba dole ne ka ci ba."

Ashe duk hayaniyar filin nan, ya ji shirun da na yi a gefensa. Na zauna ina kallonsa yana cin rabona, kuma a lokacin ba funkason nake ƙyama ba, kaina nake ƙyama.