Awa Guda a Gidan Retzlaff

Babana, Ortwin Dahlke, direban bas ne. Shekara ashirin da shida yana kwasar ma'aikatan kamfanin madara daga ƙauyukan da ke kewaye da garinmu Brennow. Daga ƙungiyar ƙwadago ya shiga jam'iyyar SPD, ya yi kansila shekara goma sha huɗu, sannan aka zaɓe shi magajin gari. A ƙaramin gari irin namu, wannan ba aikin albashi ba ne. Da safe yana tuƙi, da yamma ana sallama a ƙofarmu da ƙorafin fitilar titi da ta mutu ko karen maƙwabci.

Abin da ya fi so a aikin shi ne ziyarar tsofaffi. Duk wanda ya cika casa'in, ƙarfe sha ɗaya na safe magajin gari zai zo da matarsa da damin fure, ya ci kek, ya sha kofi, ya yi awa guda cif. Gidan da aka tsallake ba sa mantawa har jikoki.

Bara ya sa hannu aka sauki iyalai takwas na 'yan gudun hijira a tsohuwar makarantar firamare. Sai wasiƙun barazana marasa suna suka fara zuwa. Wata safiya ya tarar an sassauta notin tayar motarsa. 'Yan sanda suka ɗauki hoto suka tafi. Kowa na zargin Maik Retzlaff, wani ɗan garinmu da ya tsani baƙin, amma ba wanda ya gani. Baba ya ce ba zai sauka ba.

A watan Mayu kakar Maik, Goggo Irmgard, ta cika casa'in.

"Ka aika da furen kawai," in ji Mama.

"Haba Gudrun. Matar da ta ɗinka mini wandon makaranta? In ce mata me?"

"Ka ce matarka ba ta sha'awar takaba. Ni dai ƙafata ba za ta taka gidan ba."

Kujera biyu ake ajiye wa magajin gari, kuma a bar ɗaya babu kowa abin magana ne. Na zo hutu daga jami'a a Rostock. Baba ya dube ni. Ban taɓa iya ce masa a'a ba.

Falon ya cika da dangi. Goggo Irmgard ta kama hannunsa. "Ortwin! Dubi tumbi. Siyasa ta karɓe ka."

"Kek ɗinki ne ya ja mini, Goggo."

Maik ne ke zuba kofi, cikin farar riga, sai fara'a yake. "Sannu da zuwa, Kwamared. Ya mota? Tayoyi ba sa rawa?"

Wasu suka ɓoye dariya a bakin kofi. Baba ya ce, "Lafiya lau, Maik. Ƙara mini madara."

Sai Maik ya jawo kujera kusa da ni.

"Wiebke ce ko? Kai, an girma, 'yar boko. Har yanzu kina hawa na uku a Rostock, bayan gidan burodi? Koren labulen nan ya yi kyau. Amma ƙofar ƙasa ba ta kulluwa sosai. Ki gaya wa mai gidan. Mutane sun lalace yanzu."

Bai ko rage murya ba. Na zuba wa farantina ido. Sati uku ke nan da na sayi labulen, ko Mama ba ta gan shi ba.

Baba ya ji. Na ga wuyansa ya yi ja. Saura minti ashirin da biyar awa ta cika, kuma ya zauna har ta cika. Ya miƙe ya karanta takardar taya murna, bai tsallake kalma ba. Goggo ta matsa masa, ya ci kek na biyu.

A mota sau uku makulli yana kuɓuce masa.

"Ni na kawo ki," ya ce. "Da hannuna na zaunar da ke a gabansa."

Na ɗaura bel, ya tayar da mota.

Ranar Litinin ya miƙa takardar ajiye aiki. Ya rubuta cewa hawan jini ne. Ni kuma da na koma Rostock na kwashe kayana zuwa ɗakin wata ƙawa, ban sa sunana a ƙofa ba.

Jam'iyya ta nemi wanda zai tsaya a madadinsa. An tuntuɓi mutum biyu, kowanne ya ce sai ya yi shawara da iyalinsa. Wata bakwai ke nan ba su dawo da amsa ba.